Sunan Cuta Kafin Magani: Ƙamus na Lalacewar Dutse a Idon Mutumin Adar

A shekarar 2008 ne kwamitin masana dutse na ICOMOS, wato ƙungiyar duniya mai kula da tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi, ya fitar da wani ɗan littafi cikin Ingilishi da Faransanci mai suna «Glossaire illustré sur les formes d'altération de la pierre». Véronique Vergès-Belmin, ta ɗakin binciken gine-ginen tarihi na Faransa, ita ce ta jagoranci haɗa shi. Littafin bai kai shafi 100 ba, kuma hotuna sun fi rubutu yawa a cikinsa. Manufarsa guda ce: duk wanda ya tsaya gaban tsohon bango na dutse, ko a Faransa ko a Indiya, ya kira abin da idonsa ya gani da suna ɗaya da na ɗan'uwansa. Daga baya an fassara shi cikin wasu harsuna, har da Jamusanci da Sifaniyanci.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mutumin Tajaye ko na Illela da littafin da aka rubuta domin manyan coci-coci da gumakan Turai? Amsar tana cikin abubuwa biyu da suka faru kusa da mu. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana cikin sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin aukuwar abin, ana shirin kiran masana. A farkon Satumba na 2024 kuma, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwan sama. Gini ba ya faɗuwa bai yi magana ba. Yana magana da tsaga, da kumburi, da farin gari a gindinsa, da ɓawon da ke zuba. Abin da ake rasawa shi ne mai jin yarensa da wuri. Littafin nan ƙoƙari ne na rubuta ƙamus na wannan yare, don haka ya cancanci a auna shi da ma'aunin ƙasarmu.

Marubutan sun kasa alamomin lalacewa gida biyar: tsagewa da karkacewa, ɓamɓarewa, raguwar jikin dutse, sauyin launi da abin da ke taruwa a fuskarsa, sai kuma mamayar masu rai kamar gansakuka da tsirrai. Kowace kalma tana da shafinta, da taƙaitaccen bayani, da gargaɗin abin da ake iya rikita ta da shi, da hotuna masu ɗauke da sunan wuri da girman abin da aka ɗauka. Babbar falalar littafin, a ganina, ita ce tarbiyyar da yake ɗora wa mai dubawa: ka faɗi abin da ka gani tukuna, ka jinkirta faɗin dalilinsa. Wannan ba ƙaramin horo ba ne ga mutanen da suka saba yanke hukunci tun daga nesa. Da zarar bango ya nuna alama a garuruwanmu, sai a ji dattawan kwamitin masallaci sun ce tsufa ne, tsufa kuwa maganinsa siminti. An tsallake tambaya an faɗa kan amsa.

Littafin ya kuma raba kalmomi biyu da ɗalibaina kan ɗauka abu guda ne, altération da dégradation. Ta farko sauyi ce kawai, wanda ba lalle ne ya zama illa ba. Ta biyu kuwa sauyi ne mai rage ƙarfi ko daraja. Hausa ba ta rasa wannan bambanci ba, domin muna cewa abu ya kwana biyu, muna kuma cewa ya lalace, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakani. Duhun launin da dutse ke yi bayan shekaru aru-aru, wanda Faransawa ke kira patine, furfura ce, furfura kuwa ba ciwo ba ce. Wanda ya kankare ta don bango ya yi kyau ranar buki, ya cire wa dutsen fatar da ke kare shi.

A matsayina na mai koyar da harsunan biyu, gwajin da na fara yi wa littafin shi ne na juya kalmominsa zuwa Hausa, in ga inda za su zauna daidai da inda za su ƙi. Wasu ba su ba da wahala ba ko kaɗan. Fissure tsaga ce. Boursouflure bororo ne, irin na ƙuna, fatar dutse ta kumbura ciki babu kome. Alvéolisation, wato ƙananan ramuka jere a fuskar dutse, ba ta buƙatar wani suna da ya wuce saƙar zuma. Désagrégation ita ce marmashewa, inda za ka shafa dutse ya biyo tafin hannunka kamar garin tuwo. Éclatement fashewa ce daga ciki. Har ma akwai inda Hausa ta fi Faransanci yalwa: muna da ɓarewa, da ɓamɓarewa, da saluɓewa, da ɓantarewa, da zagwanyewa, kowace da irin motsin da take nunawa, da nauyin abin da ya rabu da uwar jiki. Magini ba ya rikita su. In ya ce maka yaɓe ya saluɓe, ya gaya maka cewa da ruwa a lamarin. In ya ce ya ɓamɓare, to bushewa ce da rashin kamu.

Kalma guda ta tsaya mini a maƙogwaro, croûte noire, baƙin ɓawon da ke rufe duwatsun Paris da Landan. Asalinsa hayaƙin gawayin ƙasa da na injuna ne, wanda sinadarinsa ke haɗuwa da dutsen farar ƙasa ya rikiɗa fuskarsa, ƙura da toka su manne. Littafin ya ba shi hotuna masu kyau, amma cuta ce ta biranen masana'antu. Haka ma ɓarnar ƙanƙara, da ke daskarar da ruwa cikin dutse har ya tsage, ba ta cikin damuwar Adar. Abokan gabarmu wasu ne: zafin rana da ke buɗa dutse da sanyin dare da ke tsuke shi, yashin da iskar hunturu ke watsa wa gindin bango, da ruwan damina mai zuwa da fushi cikin ƴan watanni. Gara kuwa, wadda ta fi kowace halitta cin gine-ginenmu, ba ta samu babi nata ba, alhali gansakuka ta samu.

Waɗannan duka ƙananan giɓi ne da sabon bugu zai iya cikewa. Babban giɓin yana cikin gabatarwar littafin, inda marubutan suka faɗa da bakinsu cewa kalmominsu sun shafi dutse ne ɗaya-ɗaya, a matsayinsa na ƙwaya cikin gini, ba su shafi lalacewar bango gaba ɗayansa ba. An yaba musu gaskiyar da suka faɗa. Sai dai wannan iyaka da suka shata ta fitar da mafi yawan ginin dutse na ƙasar Hausa daga cikin littafin.

Mu ɗauki Surame, a jahar Sakkwato ta yanzu, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16, aka kuma yi ƙaura daga cikinsa wajejen farkon ƙarni na 18. Ba baƙon wuri ba ne gare mu: wanda ya karanta littafin Djibo Hamani na 1975 a kan tarihin Adar ya san ƙasar nan ta zauna cikin inuwar Kabi kafin zuwan Agabba daga Agadas. Ganuwar Surame ta dutse ce da ƙasa, kuma Najeriya ta sa wurin cikin jerin share fage na UNESCO a 2007. Bango irin wannan ba sassaƙaƙƙen dutse ba ne da aka yanka bisa awo kamar na Turai. Duwatsu ne da aka tsinto aka jera, laka ta riƙe su. In ka ɗauki ƙamus ɗin ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka iske mafi yawansu lafiya lau, ka rubuta rahoto mai daɗin ji, alhali bangon yana gab da kwantawa. Ciwon yana tsakanin dutse da dutse. Ruwa ya wanke lakar da ke haɗa su, iri ya faɗa cikin ramin ya tsira, saiwa ta yi kauri ta ture na kusa da ita, dabbobi su hau, mai neman dutsen harsashin gidansa ya zo ya zare na ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan maganar ba ta buƙatar fassara, haka abin yake a zahiri.

Mutumin Adar ya san wannan tun yana yaro, domin ƙasarsa ta dutse ce har sunanta ya nuna. Harsashin ɗakuna da na rumbuna, bakin rijiyoyi, da jerin duwatsun tare ruwa irin waɗanda matan Keita suka ɗauko a kansu tun da aka soma aikin raya yankin a 1984, duka suna rayuwa ko su mutu ne ta wurin haɗinsu. Har ginin tubali ma haka yake, ƙafarsa ta dutse ce a wurare da yawa, kuma inda dutse ya ƙare ƙasa ta fara, nan ne ake fara duba lafiyarsa.

Akwai wani abu kuma da duban ƙwayar dutse ba zai taɓa nunawa ba, shi ne fuskar da bango ya dosa. Hadarin daminarmu daga gabas yake tasowa, iska na gaba ruwa na biye, yana dukan bango a kwance. Alƙiblarmu kuma gabas take. Ke nan bangon da ya fi kowane daraja a masallaci, mai ɗauke da mihirabi, shi ne ke karɓar bugun farko kowace shekara. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa suke ƙara masa kauri da yaɓe, suke kuma kula da indararo fiye da ado. Indararo guda da ya toshe ko ya gajarta, yana zubar da ruwa a jikin bango maimakon nesa da shi, ya isa ya kashe ginin da ya shekara 100.

Inda littafin ya fi amfanar mu shi ne babin gishiri, kuma a nan ya kamata a dakata. Ya raba efflorescence da subflorescence. Bango yana shan ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke shan mai. Ruwan nan ba shi kaɗai yake hawa ba, yana ɗauke da gishiri iri-iri narke a cikinsa, daga ƙasar wurin, daga fitsarin dabbobi da na mutane, daga masai da ke kusa. In ya kai inda iska ke busar da shi, sai ruwa ya tafi ya bar gishirin. In a fuskar bango ya bushe, za a ga farin gari kamar an barbaɗa kanwa. Wannan munin gani ne kawai, a share shi da busasshen buroshi a kwashe, kada a wanke da ruwa, domin ruwa zai narkar da shi ya mayar da shi ciki. In kuwa a ƙarƙashin fata ya bushe, ƙwayoyin gishirin suna girma cikin ƙananan ƙofofin dutse ko na tubali, suna turawa, har fuskar ta ɓalle. Na farko ana ganinsa ba ya kisa, na biyu yana kisa ba a ganinsa sai ya gama. A masallatanmu sai a ƙara da ruwan alwala, sau biyar a yini, shekara da shekaru, a gindin bango guda.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci abin da siminti ke yi wa tsohon gini. Yaɓen siminti ba ya barin danshi ya fita yadda ƙasa ko farar ƙasa ke bari. In aka ɗaura wa bango zanen siminti daga ƙasa zuwa ƙugu, kamar yadda aka saba, ruwan da ke hawa ba ya fasa hawa. Yana wuce iyakar simintin ya fito a sama da shi, ko ya taru a bayansa ya jiƙa cikin bangon. Siminti kuma ya fi abin da ke bayansa tauri, ba sa buɗewa da tsukewa tare, sai ya yi ƴan tsage-tsage, ruwan sama ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita. Bugu da ƙari shi kansa yana ɗauke da nasa gishirin. Daga waje bango sumul, daga ciki kunu. Mutanen Mopti a Mali sun ga haka: a 1978 aka lulluɓe saman babban masallacinsu da siminti, sai da gidauniyar Aga Khan ta zo tsakanin 2004 da 2006 aka ɓamɓare shi aka mayar da yaɓen ƙasa. Kada kuma a ɗauka wannan kuskuren talaka ne. A Atina ta Girka, injiniya Nikolaos Balanos ya ɗaure duwatsun Akropolis da ƙarfe a farkon ƙarni na 20. Ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta farfasa dutsen, tun 1975 ake aikin gyaran wurin, ana zare ƙarfen ana sa titaniyom. Duk wanda ya cusa rodi cikin tsohon bango ya shuka irin wannan.

Ba na cikin masu zagin siminti. Masana'antar Malbaza, da ke aiki tun shekarun 1960, ta ci da gidaje da yawa a yankinmu, kuma ba wanda zai gina gada ko asibiti da makuba. Abin lura dai shi ne, dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza uwa ce mai ƴaƴa biyu. In aka haɗa shi da yumɓu aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1450, siminti ke fita. In aka gasa shi shi kaɗai a wajen digiri 900, farar ƙasa ce ke fita, wadda Faransawa ke kira chaux, mai laushi, mai barin bango ya yi numfashi, wadda masu gyaran tsofaffin gine-ginen dutse ke nema ido rufe, domin ita ke karɓar ciwon ta mutu a maimakon dutsen, a sake ta cikin sauƙi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ma ba ta hana dabarun zamani ba. Sharaɗinta shi ne a tabbatar na gargajiya sun gaza, a kuma tabbatar na zamanin an jarraba su. Mu mun juya sharaɗin: na gargajiya ne ke neman hujja kafin a yarda da shi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Yama, cikin gundumar Illela. A 1962 Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina wa garin masallacin Juma'a na tubalin ƙasa. A 1975 ya koma kansa ya sake rufin bisa bakan gizo da tulluwa a tsakiya, sannan ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, aikin da aka kammala a 1982. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, kuma a 2006 Nijar ta sa masallatan ƙasa na jahar Tawa cikin jerin share fage na UNESCO. Abin da tarihin wannan gini ke nunawa shi ne, a wurin Falke gyara da gini aiki ɗaya ne. Bai ɗauki masallacin a matsayin abin da aka gama aka rufe ba. Ƙamus ɗin ICOMOS ya fito ne daga al'adar da ke son tsayar da dutse yadda mai sassaƙa ya bar shi. Tamu al'adar tana sabunta fata don ƙashi ya daɗe. Wanda ya ɗauki ma'aunin farko ya auna Yama, zai kira yaɓen shekara-shekara ɓata asali, alhali shi ne asalin.

A Dandaji kuma, nan cikin jahar Tawa, an gwada haɗa hanyoyin biyu. Tsohon masallacin garin ya lalace har ana maganar rushe shi. Mariam Kamara, ƴar Nijar, da Yasaman Esmaili, ƴar Iran, suka tsara a gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama a 2018, kuma an gayyato maginan da suka yi ginin farko suka sa hannu a gyaran. Ina da ja game da benen ƙarfe da aka sa a ciki, domin yana raba ido da tsayin ginshiƙan da aka yi don a gan su daga tushe har baka. Amma ginin yana tsaye, yara suna karatu a cikinsa, ruwa kuma ba ya kwana a kansa. Abin murmushi, kyautar da ta fara fitar da sunan aikin a duniya a 2017 daga gidauniyar kamfanin siminti na LafargeHolcim ta fito.

Gayyatar tsofaffin maginan nan ita ce ta kai ni ga ƙorafina na ƙarshe a kan littafin. Ƙamus ne na ido kaɗai. Magininmu kuwa da gaɓoɓi uku yake bincike. Yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana saurare: in ya amsa da ƙarfi lafiya, in ya yi amon ganga to yaɓe ya rabu da jiki, ko da ido bai ga kome ba. Yana manna tafin hannu da sassafe ya ji inda sanyi ya fi, nan danshi yake. Wani ma yakan ɗanɗana farin garin da harshe don ya san gishiri ne ko farar ƙasa. Tsaga kuma ba ya tambayar faɗinta kawai, yana tambayar ko tana tafiya: sai ya shafa ɗan yaɓe siriri a kanta ya dawo bayan mako biyu, in ya tsage, bangon na motsi, a fitar da mutane. Masana na Turai suna yin irin wannan da ɗan filasta ko gilashi, suna kiransa témoin, wato shaida. Dabarar ɗaya ce.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta hawa tsani ta duba indararo. In za a yi wa wannan littafi ɗan'uwa cikin Hausa da Faransanci, aikin bai fi ƙarfin malaman makarantu da maginan gundumomin Ƙwanni, Malbaza da Illela ba. A riƙe tsarinsa na kalma da hoto da gargaɗin rikitawa, a ɗauki hotunan a Yama da Dandaji da kufan garuruwanmu, a ƙara babin haɗin dutse da laka, da na gara, da na bangon gabas, da na abin da ke ɓoye bayan siminti. Kalmomin kuwa a karɓo su daga bakin magina kafin a je ga ƙamus, tare da laso da katsi da makuba da yadda ake haɗa kowane. Lokacin ɗaukar hotunan shi ne Oktoba, ruwa ya ɗauke, layin danshi bai gama bushewa a jikin bango ba, ba a kuma soma yaɓen kaka da zai rufe shaidar ba.